3.4 Kariyar da Doka Ta Tanadar wa Baƙi a Ƙauyukan Arewacin Jihar Kano

Abin da ake nufi da baƙo a wannan sashe shi ne mutumin da ya shigo Nijeriya daga wata ƙasa, musamman mutanen Damagaram da Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda kan zo ci-rani ko ƙodago a ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci. Kasancewar harshensu da addininsu ɗaya ne da na mazauna wurin, ba kasafai akan tuna cewa baƙi ne ba, sai ranar da rigima ta taso a kan gona ko kuɗin aiki.

3.4.1 Shigowa da Zama

Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya ingantacciya. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. Tarihi ya nuna illar rashin wannan takarda, domin a 1983 da 1985 gwamnatin Nijeriya ta kori ɗimbin baƙi marasa izini, ciki har da 'yan Nijar. Haka kuma, Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar da cewa 'yan Nijar za su ci gaba da cin moriyar zirga-zirga da zama har sai an yanke wata shawara. Wato abin da a da haƙƙi ne ya koma sassauci, wanda ana iya janye shi.

3.4.2 Haƙƙin Mutum da Haƙƙin Ɗan Ƙasa

Idan aka duba Babi na 4 na Tsarin Mulkin 1999, za a ga ya bambanta "kowane mutum" da "kowane ɗan ƙasa". Sashe na 33 zuwa 36, waɗanda suka ƙunshi kare rai da mutunci da 'yancin kai da kuma adalcin shari'a, sun shafi kowane mutum. Saboda haka ɗan ƙodagon da aka hana shi ladansa yana iya kai ƙara kotu, kuma ba a tsare shi ba bisa ƙa'ida ba don kawai baƙo ne. Idan an kama shi yana iya neman taimakon ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano.

Amma sashe na 43, wanda ya yi magana a kan mallakar fili, ɗan ƙasa kaɗai ya ambata. Ita ma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamna ne a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya. A yankin da gona ke kan iyaka da gona, gado kuma yana ta tsinka su, wannan babban al'amari ne. Akasari baƙo kan noma gona ta hanyar aro ko haya ko jingina, da sanin mai unguwa ko dagaci. Idan maganar ta baka ce kawai, mai gona ya rasu, magada na iya karɓe ta bayan baƙon ya yi shekaru yana zuba mata taki. Don haka rubuta yarjejeniya gaban shaidu ita ce babbar garkuwarsa.

3.4.3 Zama Ɗan Ƙasa

Sashe na 25 ya tabbatar da cewa yaron da aka haifa a Nijeriya ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Alal misali, Badamagaren da ya auri 'yar Ɗambatta, 'ya'yansa 'yan Nijeriya ne. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya wannan dama ba. Shi sai ya bi sashe na 27, wanda daga cikin sharuɗɗansa akwai zaman shekara 15.

A taƙaice, al'ada ta ba baƙo masauki, doka ta kare ransa da guminsa, amma zamansa da gonar da yake nomawa sun dogara ne a kan takarda.