Yadda Fitsari Ke Tona Asirin Ƙwayoyin Barci

Ƙwayar Valium, wadda kamfanin Roche ya fitar a 1963, ba ta fita daga jiki yadda ta shiga. Hanta ke mayar da ita wasu sinadarai, kamar oxazepam, ƙoda kuma ta tace su zuwa fitsari, inda akan same su har kwanaki da dama.

Gwajin farko ɗan tsinke ne da ake tsomawa a fitsarin. Cikin minti biyar, layi biyu na nufin babu ƙwaya, layi ɗaya kuwa akwai. To amma tsinken zato kawai yake bayarwa: maganin damuwa sertraline yakan ruɗe shi, clonazepam kuma yakan kuɓuce masa. Ganganci ne a hukunta mutum da shi kaɗai. Tabbaci sai na'urar GC-MS, mai rarrabe sinadarai ta auna nauyin ɓurɓushinsu.

Irin wannan na'ura sai manyan ɗakunan bincike na birane. Saboda haka in an yi zargin an zuba wa wani Rohypnol a abin sha a Gangara, ta ƙasar Sabon Birni, wajibi ne a ɗebi fitsarinsa da wuri, cikin kwana uku, a rufe kwalbar, a ajiye ta cikin ƙanƙara kafin a kama hanyar Sakkwato.