Taici: Motsa Jiki na Mutanen Sin da Amfaninsa ga Tsofaffi

Daga cikin abubuwan da ke karya ƙarfin tsoho, kaɗan ne suka kai faɗuwa saurin ɓarna. Tsoho ya kan yi tuntuɓe a tsakar gida, ƙashin ƙugu ya karye, ya kwanta wata da watanni, wani ma ba ya sake tashi. Wanda ya warke kuwa tsoro ya kan kama shi, ya rage tafiya, ƙafafu su ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta matso kusa. Wannan ne ya sa likitoci suka mai da hankali ga wani tsohon wasa na ƙasar Sin da a ke kira taici.

Asalinsa wasan kare kai ne. A kan danganta shi ga Chen Wangting, mutumin ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, a ƙarni na 17. Cikin ƙarni na 19 Yang Luchan ya koya a ƙauyen nan, ya kai shi Beijing, zuriyarsa suka sassauta shi. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta tsara gajeren salo mai siffa 24, wanda a kan gama cikin kamar minti shida, domin kowa ya iya. A 2020 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Yadda a ke yinsa shi ne, mutum ya tsaya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, gadon baya a miƙe, sa'an nan ya riƙa mai da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan sannu sannu, hannuwa na zagayawa, numfashi na bin motsi. Malaman wasan sun ce da haka a ke gudanar da wani ƙarfi na cikin jiki da su ke kira ci. Bayanin likitoci dabam ne. Tsayuwar mutum ta dogara ga ido, da can cikin kunne, da jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta ke, da kuma ƙarfin cinya. Tsufa na rage su duka. Mai yin taici kuwa, da ya ke a hankali ya ke ɗaga ƙafa, tilas ya daɗe bisa ƙafa guda, watau kullum yana gwada abin nan da ke hana faɗuwa ba tare da ya shiga haɗari ba.

An auna wannan. A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa a Jami'ar Emory, birnin Atlanta, suka buga sakamakon gwajin mutum 200 masu shekara 70 ko fi. Waɗanda suka yi taici mako 15, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2012 Fuzhong Li ya buga sakamakon gwajin mutum 195 masu ciwon rawar jiki na Parkinson, sau biyu a mako har mako 24, aka ga masu taici sun fi sauran daidaiton tsayuwa. A 2016 Chenchen Wang ta buga sakamakon gwajin mutum 204 masu ciwon gwiwa a Boston, ta tarar taici ya rage zogi kusan daidai da gashin ƙashi na asibiti.

Amma fa akwai iyaka. A gwajin ƙwayar magani a kan ɓoye wa majinyaci abin da ya sha, a motsa jiki kuwa ba shi yiwuwa, saboda haka sa rai da daɗin zama cikin jama'a na iya ƙara wa sakamako armashi. Har wa yau, taici ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya ɗora karaya, ba ya tsayawa a madadin allurar ciwon sukari. In an daina yi, ƙarfin da aka samu ya kan koma.

Kalmar magani a Hausa tana da faɗi, ta haɗa na warkarwa da na rigakafi, don haka ya kamata mai koyarwa ya rarrabe wa ɗalibai. Taici maganin taimako ne, mai rakiyar na likita. Wanda ya bar na likita dominsa ya yi saki na dafe, amma tsohon da ya haɗa su biyu ya fi samun tsayawa da ƙafafunsa.