Giya Mai Ƙanshin Hayaƙi a Birnin Bamberg

Jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke ratsa Jamus kan yada zango a Bamberg, inda mashigin da ya haɗa kogin Main da Danube ya faro. An kammala shi a 1992, tsawonsa kilomita 171.

Abin da baƙi ke zuwa ɗanɗanawa shi ne giyar Rauchbier. Kamar yadda masu burukutu ke farawa da tsiron dawa, nan da tsiron sha'ir ake farawa, amma a kan wutar itace ake busar da shi. Hayaƙin ya kama shi sosai, har giyar ta riƙa ƙanshin kyafaffen nama. Gidajen giya na Schlenkerla da Spezial sun riƙe wannan tsohuwar hanya gam.

Baƙon da bai saba ba kan yamutsa fuska a kurɓin farko.