Gudun Intanet Nawa Ne Zai Ishi Gida?

Duk daren Juma'a, bayan sallar isha'i, Hajiyarmu kan jingina waya da filas ɗin shayi, tana jiran kiran ƙanena da ke karatu a Madina. Da fuskarsa ta fito sai ta ce, "Auta, ka yini lafiya?" Shiru. Ta sake tambaya, sai amsarsa ta farko ta ci karo da tambayarta ta biyu, daga nan hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Ranar da abin ya ishe ta, ta juyo ta ce mini, "Ba ka ce mai ƙarfin ka sayo ba?"

Mai ƙarfin na sayo kuwa. A jikin kwalin rautar an rubuta "har 100 Mbps", kuma wannan "har" ɗin ita ce maganar. Mbps na nufin megabit a kowace daƙiƙa, kuma sai an haɗa bit takwas ake samun bait ɗaya, don haka 100 ɗin nan megabait 12 da rabi ce, in ma ta samu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da gida ke buƙata. Netflix da kansa ya ce 5 Mbps ta isa kallon fim tangaram, 15 kuma ta isa 4K. Taron Zoom bai kai 4 ba. Ka lissafa talabijin ɗaya, wayoyi biyar, da kwamfutar ɗan makaranta, za ka ga 25 Mbps ta ɗauke su duka. Ita ce ma adadin da shirin faɗaɗa intanet na Najeriya na 2020 zuwa 2025 ya sa a gaba don birane, ƙauyuka kuma 10. A Amurka hukumar FCC ta ɗaga nata ma'aunin zuwa 100 a 2024, amma bai kamata magidanci a Kano ya biya kuɗin abin da gidansa ba zai taɓa sha ba.

Sai na fara auna gudun intanet ɗinmu da manhajar Speedtest. Da asuba nakan ga wajen 40. Ƙarfe tara na dare, 2 ko 3. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake: da sassafe kai kaɗai ne da bokitinka, da dare kowa ya fito da nasa. Ashe lokacin da Hajiya ke kira shi ne lokacin da duk unguwa ke kan TikTok.

Akwai kuma lambobi biyu da mai shago ba ya ambata. Ɗaya gudun ɗorawa ne, wato abin da ke fita daga wayarka, shi ke kai fuskar Hajiya Madina. Ɗayar ita ce ping, jinkirin da saƙo ke yi kafin ya je ya dawo. In muryarka tana ɗaukar fiye da milisakan 150 kafin ta isa kunnen wancan, hira takan fara cin karo, komai yawan megabit ɗinka. Wannan jinkirin ne ya fi ci mini rai, don shi ke sa uwa ta zaci ɗanta bai ji ta ba.

Rabin matsalar a cikin gida take. Rautarmu tana bayan talabijin, a ƙuryar falo, bangon bulo biyu tsakaninta da ɗakin Hajiya. Na mayar da ita bakin taga, sama, na sa wayar Hajiya a layin 2.4 GHz, wanda ya fi na 5 GHz ratsa bango ko da yake bai kai shi gudu ba. Na sayi ƙaramin batir don kada ɗauke wuta ta katse kira. Wayoyin yara kuma na rage musu YouTube zuwa 480p, domin kallo a 5 Mbps na awa ɗaya yana lashe fiye da gigabait biyu na data.

Sauran rabin sai da na canza layi. Kafin in biya, na aro sim ɗin maƙwabta biyu, na gwada su dare uku a jere, ƙarfe tara, a kan dardumar da Hajiya ke zama. Wanda na zaɓa bai taɓa wuce 15 ba, amma bai sauka ƙasa da 10 ba. Juma'ar da ta biyo baya suka yi minti arba'in suna hira, har ya nuna mata kubbar masallacin Annabi ta tagar ɗakinsa.