Shirwa, Maƙwabciyarmu ta Sama

Duk uwargidan da ke kiwon kaji ta san shirwa. Da zarar inuwarta ta gifta tsakar gida, sai kaza ta yi ƙara, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin fikafikanta.

Gane ta ba wuya. Jikinta ruwan ƙasa ne, bakinta da ƙafafunta rawaya, bindinta kuma a tsage kamar na kifi. Da bindin nan take juyawa cikin iska. Ba ta gudun mutane. Kasuwa da mayanka da bakin kogi su ne wuraren kiwonta. In an sa wa daji wuta, sai ka ga shirwa suna shawagi bisa hayaƙi, suna cafke fara. Takan yi sheƙa da ƙirare da tsummoki a kan dogon itace, ta saka ƙwai 2 ko 3.

To, kada haushi ya sa mu zuba mata guba. Ɓeraye da farin da take ci sun fi tsakin da take ɗauka yawa. Maganinta akurki ne: a rufe 'yan tsaki har su yi ƙwari.