Hana Shan Taba a Bainar Jama'a: Wa Aka Zalunta?

Uwargida, sau nawa kika shiga motar kasuwar Ɗambatta da goyonki, wani ya kunna taba a gefenki? Ke kin toshe hanci da mayafi, jaririn fa?

Tun 2015 Nijeriya ta kafa dokar da ta hana shan taba a motocin haya, asibitoci, makarantu da sauran wuraren da jama'a ke cunkushewa. Mashaya na cewa an tauye musu haƙƙi, ai da kuɗinsu suka saya. Gaskiya ne taba tana da kamu, barinta ba wasa ba ne. To amma dokar ba ta ƙwace masa karansa ba, cewa ta yi kada ya shayar da wanda bai nema ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin tabar wasu na kashe fiye da mutum miliyan 1 kowace shekara.

Sai dai 'yar'uwa, doka ba ta shiga ɗakinki. A ƙauyukanmu na Bichi da Ɗambatta, ɗaki ne mai 'yar taga guda, yara na barci, hayaƙi na maƙale a katifa da labule. Nan tari da asma suke samun gindin zama.

Idan maigida mashayi ne, ban da gori. Ki bari sai ya ci ya huta, ki ce: "Maigida, don ƙirjin yaran nan, a riƙa fita waje." Allah Ya sa ya daina gaba ɗaya.