Kwaɗi da Kififiya a Bakin Challawa: Furojet da Ke Jiran Mai Yi

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Ƙaraye ko Rogo a farkon damina ya san yadda kukan kwaɗi ke cika fadama da zarar an yi ruwan farko. Da yawanmu surutu kawai muke ji. Amma ga mai binciken halittu, wannan kukan tamkar kiran rajista ne: mazan kwaɗi ne ke yi don jawo mata, kuma kowane iri da muryarsa. Ke nan da kunne da wayar hannu za ka iya sanin iri nawa ne ke cikin kududdufi.

Me ya sa za a damu da kwaɗo? Fatarsa ce dalili. Ta nan yake shan ruwa, ta nan yake wani ɓangare na numfashinsa, don haka duk abin da ya gurɓata ruwa shi yake fara taɓawa. Idan manomi ya gama feshin maganin ciyawa ya wanke tankinsa a kududdufi, talibambam ne ke fara mutuwa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza: inda kwaɗi suka yi shiru, ya kamata a binciki ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Ga shi kuma ƙwari ne abincinsu, har da masu ɓarna a gona. Wani babban nazari da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya na fuskantar barazanar ƙarewa.

A yankin nan, madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta sauya yadda ruwa ke kwanciya. Tafki mai zurfi yana yi wa kifi daɗi, amma yawancin kwaɗi a ƙananan kududdufan damina suke saka ƙwai, inda babu kifin da zai cinye 'ya'yansu. In aka cike irin waɗannan ramuka, an rufe musu ɗakin haihuwa. Sannan akwai masu kama burduddugi, su busar su kai kasuwannin kudu.

Ita kififiya, wato kunkurun ruwa, matsalarta daban ce. Tana daɗewa kafin ta isa haihuwa, a ƙasar bakin ruwa take binne ƙwanta, wata kuma da rani cikin taɓo take shigewa har ruwa ya dawo. Mace ɗaya da ta maƙale a koma ta mutu, asarar shekaru ce.

To, yaya ake binciken? Ka zaɓi kududdufai uku ko huɗu, ka riƙa zuwa duk mako a lokaci ɗaya, bayan magariba. Ka ɗauki sauti na minti biyar, ka haska tocila ka ƙirga, ka rubuta kwanan wata da ko an yi ruwa. In ka kama kwaɗo don aunawa, jiƙa hannunka tukuna, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Tarkon kififiya kuwa dole a bar samansa a waje, don iska take shaƙa. In ya nutse duka, ka kashe abin da ka je karewa.

Kafin komai, a gaida dagaci da sarkin ruwa a nemi izini, domin masunta sun fi littafi sanin inda kififiya ke kwana. A sa takalmin roba saboda maciji da tsargiya, kuma kar a fita shi kaɗai.

'Yan'uwa masu neman taken furojet, maimakon kwafar na bara, ga aiki nan. Damina ɗaya da littafin rubutu ɗaya sun isa a fara.